Majalisa da Kogi a Ƙasar Haɗeja

Taro iri biyu ake yi a birnin Haɗeja da ƙasarta. Akwai wanda ba ya bukatar sankira, domin tun ranar ba ta zo ba yara sun riga sun kai labarinsa kowane lungu, kamar hawan salla, da naɗin sarauta, da saukar karatu, da ranar da wani babba zai zo daga Dutse don aza harsashin gini. A irin wannan taro wuri kan cika maƙil, ba masaka tsinke. Akwai kuma zaman majalisar ƙaramar hukuma, inda kansiloli ke haɗuwa su yanke yadda za a kashe kuɗin jama'a. Shi wannan sau da yawa a kan yi shi har a watse mai sayar da kifi a kasuwa bai ji ba, manomin shinkafa a fadama bai sani ba. Alhali kuwa taron farko da la'asar ta yi sanyi ya wuce, sai hira. Na biyun shi ne ke sa a yashe lambatu ko a bar shi a toshe, a ɗaga jinga ko a bar ruwa ya ci gari.

Saboda haka ya kamata a duba yadda ake tafiyar da wannan taro na biyu, a auna shi da ma'aunin da mutanen Haɗeja suka fi sani, watau kogi.

ASALIN MAJALISAR

Kukan cewa talaka ba shi da baki a cikin sha'anin mulkin ƙasarsa ba sabo ba ne. Tun daga shekarar 1906, lokacin da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada, aka ɗora ƙasar bisa tsarin En'e a ƙarƙashin Lardin Kano. Sarki shi ne hukuma. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ke tattara haraji da jangali su kai baitulmali, umurni ya sauko daga sama, kuɗi su hau daga ƙasa. Tsarin nan ya kawo zaman lafiya da lissafi, amma wanda ya biya harajin ba a tambayarsa abin da za a yi da shi.

A cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya kawo shawara cewa a bincika tsarin En'e a gyara shi, domin a ba talakawa wurin faɗin ra'ayinsu. Maganar ta yi wa waɗansu zafi, amma ba ta faɗi ƙasa banza ba. Daga nan aka sa sarakuna su riƙa yanke al'amura tare da majalisarsu, aka yi Dokar En'e ta 1954, aka kuma kakkafa majalisun gunduma da na ƙauye. A wannan zamani ne, Sarki Haruna yana bisa gadon Haɗeja, aka tsananta Yaƙi da Jahilci, aka riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, kamar Sodangi ta Lardin Kano, don waɗanda suka fita daga ajin manya su sami abin karantawa, su kuma san abin da hukumarsu ke ciki. Masu tsarin nan sun gane abu guda, cewa majalisa da karatun jama'a tare su ke tafiya. Majalisar da ba mai iya karanta labarinta, sunanta majalisar ɗaki.

Daga baya abubuwa suka yi ta juyawa. Aka yi Jihar Kano a 1967, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi babban gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a dukan Nijeriya, sarakuna suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanki Jihar Jigawa daga Kano. Yau ƙasar da a dā baitulmali ɗaya ke riƙe da ita ta kasu gida takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, kowace da shugabanta da kansilolinta. Tsarin Mulki na 1999 ya ce lalle majalisun nan su zama zaɓaɓɓu, ya kuma lissafa ayyukansu, cikinsu har da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, da ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, da sa hannu a sha'anin makarantun firamare da ƙananan asibitoci da aikin gona.

To, a takarda dai abin da Malam Abubakar ya nema an same shi har da ƙari. Saura a ga ko ya isa bakin kogi.

HALIN KOGIN

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya ke tasowa, inda Kogin Kano da Kogin Calawa suka gamu. Ya bi ta Wudil da Ringim, ya iso Haɗeja, daga nan ƙasa ta shimfiɗe, sai ya rarrabu rassa rassa ya bazu cikin fadamu har Nguru, kafin ruwansa ya gamu da na Kogin Jama'are wajen Gashuwa ya nufi Tabkin Cadi. A dā al'adarsa sananniya ce. Da marka ya cika ya malale fadama, da rani ya janye har yashi ya bayyana. Manomi ya shuka shinkafa bisa ga zuwan ruwa, in ya janye ya bi danshi da wake da rogo da kayan lambu, masunci ya kama kifinsa, Bafillace ya sauko da shanu su ci ciyawa da rani. Kowa ya san lokacinsa.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Calawa, aka kuma datse kogin kusa da Auyo don noman rani. Ba mai musun amfanin da aka samu. Birnin Kano ya sami ruwan sha, aka noma alkama da shinkafa da tumatur a inda dā sai ƙura. Amma kogin ya sake hali. Maimakon ya bushe da rani, sai ya zama ana sako masa ruwa kusan duk shekara, kuma wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta kama bakin rassan kogin ta cika su, laka ta taru a gindinta, hanyar ruwa ta ƙuntata. Sai ga shi waɗansu rassa sun toshe, ruwa ya karkata ya fi bin reshen Marma, gonakin waɗansu garuruwa na wajen Guri da Kiri Kasamma suka zama tabki shekara da shekaru, waɗansu garuruwan kuma suna kukan ruwa bai iso su ba. A cikin kacalar nan ne kuma tsuntsaye jan baki ke kwana su hayayyafa, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero. In kuma damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan da ya taho ba ya samun hanya. An ga haka a 2001, da 2012, da 2018, da 2020, da 2022, aka yi hasarar rayuka da gidaje da amfanin gona.

Wannan shi ne babban al'amarin ƙasar Haɗeja. Majalisar da ke zaune a bakin irin wannan kogi, in ba shi ne farkon abin da ke cikin takardar zamanta ba, to, lalle akwai gyara.

INDA TARON YA GAZA

Na farko, lokaci. Taron ambaliya a kan yi shi ne bayan ruwa ya riga ya shigo. A sa'an nan za a ga motoci sun jeru, an kafa kwamiti, an raba buhunan hatsi da tabarmi a makarantar firamare inda mutane suka fake. Taimakon nan abin godiya ne, mai jin yunwa ba ya raina loma. Amma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ambaliyar Haɗeja ba ta zo wa kowa ba zato. Kowace shekara hukumomin Tarayya masu duban yanayi da ruwan koguna su kan fitar da hasashensu tun damina ba ta kankama ba, kuma ruwan da ya wuce Wudil ya kan ɗauki kwanaki kafin ya iso. Watannin da za a sare kacala, a yashe lambatu, a toshe inda jinga ta zaizaye, su ne Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Zaman da aka yi a watan Satumba ta'aziyya ce da jaje. An ga yadda samarin Haɗeja da na garuruwan bakin kogi suka fito gayya a 2020 da 2022, dare da rana suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa. Wannan ƙoƙari ya isa yabo. Amma buhun da aka cika cikin dare ruwa na iya gwiwa, da an cika shi da bazara, da ya fi araha, ya fi ƙarko.

Na biyu, waɗanda ke halarta. In an ce taron masu ruwa da tsaki, a kan tara ma'aikata da 'yan siyasa da masu riguna, a yi jawabin maraba, a yi na godiya, a ci abinci a tashi. Mutanen da suka san kogin kamar tafin hannunsu, watau sarkin ruwa da masunta, da manomin da ya san inda ruwa ya fara ɓallewa bara, da arɗon da ya san burtalin da aka nome da mashayar da aka toshe, su ko ba a kira su ba, ko kuma an kira su a zaunar da su can baya. Matan da ke turara shinkafa da masu sana'ar kifi, waɗanda in kasuwa ta nutse su ke fara karyewa, ba a ma tuna da su. Rigimar manoma da makiyaya da ke tashi da kaka a Guri da Kiri Kasamma da Birniwa ba ta rasa nasaba da wannan. Ruwa da kacala sun ci makiyaya, gona ta matso cikin burtali, shanu sun matso cikin gona. Maganar da ba a yi ta a zaure ba, a jeji a kan ƙarasa ta da sanda.

Na uku, labari. Wannan shi ne aibin da ya fi sauƙin gyara, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Mai karatu ya gwada ya tsai da mutum goma a Matsaro ko Majema ko Dubantu ya tambaye su ranar da majalisarsu ta yi zaman ƙarshe da abin da ta yanke, ya ji amsar da zai samu. Labarin da ke fita daga sakatariya yawanci na biki ne: shugaba ya kai ziyara, shugaba ya raba kaya, shugaba ya yi kira ga jama'a. Ba safai a kan ji an ce majalisa ta zauna ran kaza, kansila kaza suka halarta, an ware naira kaza don lambatun unguwa kaza, an ba wane aikin, zai gama a wata kaza ba. Masu ɗauko labari su ma da nasu laifin, domin sun fi son jawabin babban baƙo bisa ga lissafin ma'aji. Labarin da ba shi da rana, ba adadi, ba sunan wuri, ba wanda zai iya bin sawunsa, kuma alkawarin da ba a rubuta ba kowa na iya cewa bai yi ba.

Na huɗu, iyaka. Kogi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. In Auyo ta ɗaga jinga, ruwan da ta kora wani zai samu. In garin da ke gaba ya haƙa hanya ya ja ruwa zuwa gonakinsa, na bayansa ya rasa. In Haɗeja ta sare kacala, maƙwabciyarta ba ta sare ba, aikin ya tashi a banza. Majalisu takwas da kowace ke zama ita kaɗai, kamar mutum takwas ne cikin kwalekwale ɗaya, kowa na tuƙi inda ya ga dama. A nan tsohon tsari ya fi na yanzu da abu guda, domin a dā ido ɗaya ke duban ƙasar tun daga Auyo har Guri.

HANZARIN MASU MAJALISA

Adalci ne a ji ta bakin waɗanda ake zargi, kuma hanzarinsu ba na banza ba ne. Za su ce madatsun Tiga da Calawa ba a hannunsu su ke ba, suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce. Za su ce injin yashe kogi ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma. Za su kuma ce shekara da shekaru kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha ya ke biyowa, in an biya albashin malaman makaranta da ma'aikata abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, kuma wannan kuka na dukan ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya ne, shi ya sa ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta a naɗa shugabannin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu.

Amma hanzarin nan bai rufe dukan ƙofa ba. Liƙa takarda a allon sakatariya da bakin kasuwa ba ya bukatar izinin Abuja. Kiran sarkin ruwa da arɗo su zauna a gaba ba ya cin ko sisi. Majalisar da ba ta da ikon buɗe madatsa tana da ikon rubuta wa masu madatsar wasiƙa da sunan jama'arta, ta nemi a sanar da ita kafin a ƙara sako ruwa, ta kuma karanta wa mutane amsar da aka ba ta. Wasiƙar da shugabanni takwas da Majalisar Sarki suka sa wa hannu ta fi ta mutum guda nauyi. Har ma jihohi shida da kogin ya shafa, watau Bauci, Barno, Filato, Jigawa, Kano da Yobe, sun ga wajibin haɗa kai, suka kafa asusu guda don kula da shi a 2006. In jihohi sun iya zama wuri ɗaya, ƙananan hukumomin masarauta guda ba su da dalilin kasawa. Game da kuɗi kuwa, ƙarancinsu shi ne ma babban dalilin bayyana su. Wanda aka nuna wa tukunya ya ga ba kome ciki ya kan yi haƙuri. Wanda aka rufe wa ita, zato ya ke yi an cinye. In kuwa hukuncin kotu ya sa kuɗi suka ƙaru a hannun majalisa, bukatar ido a kansu ta ƙaru ke nan.

An taɓa gwada sauraron jama'a a jihar nan. A 2008 Gwamna Sule Lamiɗo ya kira Taron Talakawa a Dutse, inda masu ƙananan sana'o'i suka tsaya gaban manya suka faɗi halin da su ke ciki da bakinsu. Taron ya nuna talaka ya iya magana in an ba shi wuri. Sai dai taron rana ɗaya a babban birni ba zai maye gurbin zaman da ake yi a kai a kai a kusa da gida ba. Abin da ake bukata shi ne ya zama al'ada, ta yadda ko an sake shugaba ba za ta mutu ba.

ABIN DA YA KAMATA

Gyaran ba mai wuya ba ne. A sa ranar zaman majalisa tun farkon shekara, a yi shelarta a masallatan Juma'a da kasuwanni da rediyo, a bar ƙofa buɗe ga mai son saurare. Bayan kowane zama a rubuta abin da aka yanke da Hausa, a boko da ajami, a liƙa a sakatariya da ƙofar kowane hakimi da dagaci. Kasafin kuɗin shekara ma a yi masa haka, da abin da ya shigo da abin da ya fita. Kowace bazara a keɓe zama guda don kogi kaɗai, majalisu takwas tare da Majalisar Sarki da wakilan Hukumar Kogi, a kira masunta da manoma da makiyaya da mata masu sana'a, a lissafa wuraren da jinga ta yi rauni ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wanda zai gyara kowanne da ranar gamawa. In kaka ta yi a sake zama, a ɗauko takardar nan a karanta, a ga wanda ya cika da wanda ya saɓa.

Jama'a ma ba su kuɓuta daga zargi ba. Mutumin da zai yini a rana don ganin dawaki, amma ba zai ba da sa'a ɗaya don jin yadda aka yi da kuɗin kasuwarsu ba, ya rage wa kansa bakin kuka. Wanda ke zuwa wurin kansila don kuɗin suna da na magani kaɗai, ya koya masa cewa aikinsa ke nan. Wanda kuma ya zuba shara a lambatu da rani, ya san inda ruwan zai bi da damina.

A nan ne wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ke da babban rabo. Karatun da ya sha wahala ya koya bayan ya dawo daga gona ko kasuwa ya wuce na karanta wasiƙar ɗan'uwa. Shi ne zai tsaya gaban allo ya karanta wa maƙwabtansa abin da aka liƙa. Shi ne zai zama magatakardan ƙungiyar masunta ko ta manoman unguwarsu, ya riƙe littafi ya rubuta ranar da kansila ya zo da abin da ya ce zai yi. In ba a liƙa kome ba, shi ne zai rubuta takarda cikin ladabi ya tambaya, kuma doka na bayansa, domin tun 2011 akwai dokar Tarayya wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga ofisoshin hukuma. Takarda ɗaya a kan iya mantawa da ita a cikin durowa, amma in ta zo daga unguwa goma, kowace da sa hannun mutanenta da kwanan wata, sai an amsa.

Mutanen Haɗeja sun san gayya, sun nuna haka a bakin jinga ba sau ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne su kai wannan gayya zauren majalisa tun ruwa yana nesa, shugabanni kuma su buɗe musu ƙofa. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba talakawa ikon tambaya, ya sa kogin ya zama na albarka ga na gaba da na baya.